Surukina Yana Kiran Jikana Ci-gari

Assalamu alaikum mutanen wannan gida. Admin, don Allah a ɓoye sunana da sunan ƙauyenmu. Ni ban yi makaranta ba, da baki na faɗi maganar nan a waya, admin ya taimaka ya mayar da ita rubutu, na kuma roƙe shi kada ya sassauta mini ko kalma ɗaya. Don Allah ku ba ni shawara, kuma kada ku ɓata lokaci, domin jibi ne sunan jikana, abin da ke raina kuwa ba na alheri ba ne.

Ni manomi ne, mutumin wani ƙauye a ƙasar Zuru, can gindin duwatsu ta wajen hanyar Mahuta. Yanzu ina cikin garin Zuru a gidan haya, ni da ƙanwata, saboda ƙauyen namu babu shi. Ba ni da yawan magana. Tun da abin ya faru ban taɓa zama na ba wani labarin daga farko har ƙarshe ba, ko 'yata rabinsa ba ta sani ba. Yau zan faɗa don ba ku san fuskata ba. Sunayen da zan kira duk ba na gaskiya ba ne.

Bari in fara da akuya, sai kun gane wannan za ku gane sauran. A gidanmu ba a ɗaure dabba a wuya. Akuya ce, tunkiya ce, ɗan maraƙi ne, a ƙafa muke ɗaure shi. Haka na taso na gani, maƙwabta na mana dariya suna cewa muna gurgunta dabba a banza. Ina yaro na tambayi kakata dalili, ta ce daga uwarta abin ya samo asali. A zamanin da, akwai wani sarkin yaƙi da ke kawo hari ƙasarmu da dawakai, ya ƙone rumbuna, ya kashe mazan da suka tsaya, ya kwashi mata da yara ya kai kasuwa. Ranar da ya zo garinsu, uwar kakata tana yarinya, ta shige tsakanin duwatsu biyu ta kwanta. Daga nan ta ga an fito da uwarta da yayyenta mata, igiya ɗaya a wuyansu, a jere, ana jan su gangaren dutse. Ba ta sake ganinsu ba. Da ta girma ta yi gidanta, ta ce muddin jininta na raye kada a sa igiya a wuyan wani abu mai numfashi a gidan. Tsofaffinmu ba sa kiran sunan sarkin nan. Mai Igiya suke ce masa. Ni ma ba zan kira sunansa a nan ba, wanda ya san tarihin ƙasarmu ya san wanda nake nufi.

Na ɗauka wannan labarin tsofaffi ne, ya wuce da zamaninsa. Na girma, na yi golmo, wato noman da saurayi ke yi wa iyayen yarinya shekara da shekaru kafin su ba shi ita. Asabe na yi wa. Bayana ya sha rana a gonar ubanta, ban taɓa yin nadama ba. Allah ya raya mana biyu, Ɗanjuma da Talatu. Muna nomanmu, dawa da maiwa da ɗan wake, ba mu ci na kowa ba.

Sai wata damina, da hantsi, muna maimai ni da Ɗanjuma, muka ji ƙarar mashinan 'yan bindiga kamar hadari. Ba zan faɗi komai da komai ba. Ɗanjuma ya ɗaga fartanya, a nan tsakanin kunyoyi suka bar shi. Asabe tana kan hanyar kawo mana abinci, daga baya na ji a bakin rafi aka same ta, ƙwaryar tana gefenta. Talatu ta tsira ne saboda ta tafi kasuwar Dabai tare da ƙanwata. Ni kuma suka haɗa ni da wasu mazan garin, suka kawo igiya, irin ta ɗaure kaya a mashin, suka sa mana a wuya, a jere. Lokacin da igiyar ta taɓa fatata ba mutuwa na tuna ba, kakata na tuna.

A sansaninsu cikin daji suna da oga. Ban san sunansa ba, ba a kiransa da suna. Duk ranar da suka fita suka dawo, tun daga nesa za ka ji yaransa na harba bindiga sama suna ihu, Ci-gari, Ci-gari ya dawo, Ci-gari ba ka barin ko kaza. Doka ce, da an ji kalmar nan duk mu da aka kama sai mu durƙusa mu sa goshi ƙasa, wanda ya ɗaga kai gindin bindiga ne rabonsa. Wani dattijon garinmu kunnensa ba ya ji sosai, bai durƙusa da wuri ba, a gabanmu suka gama da shi, ba su kwance shi daga igiyar ba sai da rana ta faɗi. Na daɗe a wurin, ban ƙirga ba. Ƙafata ta kumbura ta fara wari, da za su tashi zuwa wani dajin suka ga ba zan iya tafiya ba, suka kwance ni suka yar a hanya, harsashi ma suka ga asara ne a kaina. Masu itace ne suka tsince ni.

Da na iya tsayawa na ce a kai ni garinmu in gani. Hausa ba ita na fara sha a nono ba, a kasuwa na koye ta, don haka ni kalma yadda aka faɗe ta haka nake jin ta. Ranar nan na san mene ne cin gari. Rumbuna sun zama toka. Babu zakara, babu kare, babu kukan yaro. Tukunyar Asabe tana kan murhu, ciyawa ta fito a gefenta. An ci garin da gaske, kamar yadda ake cin tuwo a suɗe kwano.

Yanzu ga maganar surukina, zan ce masa Bello. Ba zan yi masa ƙarya ba. Lokacin da muka shigo Zuru ba mu da wurin sa haƙarƙari, shi ya samo mana gidan nan, shi ya riƙa ɗaukata a mashin yana kai ni wankin ƙafa asibiti. A nan ya ga Talatu, ya nema, na ba shi, ban ce ya yi mini noma ba tunda ba ni da gonar. Ɗan cikin gari ne, fataucin hatsi yake yi, yana bin kasuwannin ƙauye. Bai taɓa ɗaga wa 'yata hannu ba, ba ta taɓa kwana da yunwa ba. Abu ɗaya ne da shi, son labarin mayaƙa. Kullum waya a hannu yana kallon bidiyon tarihi, in an zauna wurin mai shayi shi ne mai ba da labari, wannan sarki ya ci garuruwa kaza, wancan na wata ƙasa mai nisa ya tara kawunan mutane kamar tsibin gyaɗa, yana faɗi yana kaɗa kai yana cewa maza sun wuce. Na sha ji ina wucewa, na ɗauka surutun matasa ne. Ban san cewa kakan kakansa yana cikin mahayan Mai Igiya ba, sai bayan aure na ji, har tsohon takobinsa yana nan a gidansu an rataye a bango ana nuna wa baƙi. Na ji, na haɗiye. Na ce ba shi ya yi ba.

Talatu ta haihu, namiji. Haihuwar fari ce, gidana ta zo, ƙanwata ke mata wanka tunda uwarta ba ta nan. Washegari da rana Bello ya zo ganin ɗansa. Ina zaune a kan tabarma a tsakar gida, ƙanwata ta fito da jaririn ta miƙa masa. Ya ɗaga shi sama yana dariya, ya buɗe murya ya ce, "Ci-gari! Ci-gari jikan Ci-gari, ka zo ke nan?"

Jama'a, ban san lokacin da na yi ba. Sai ganina na yi a durƙushe, goshina a ƙasa. A cikin gidana. A gaban surukina, a gaban ƙanwata, 'yata na leƙowa ta labule. Ni da na yi golmo, ni da ban taɓa faɗuwa a kokawa ina saurayi ba. Jikina ne ya ji kalmar kafin kaina ya ji. Bello ya zaci jiri ne ya ɗebe ni, ya kawo hannu zai ɗaga ni yana cewa sannu Baba, ko a kawo ruwa. Na ture hannunsa na shiga ɗaki. Abin da na ji a ɗakin nan ba baƙin ciki ba ne, wuta ce, kuma har yanzu da nake maganar nan ba ta mutu ba.

Kashegari na aika aka kira shi. Ba al'adarmu ba ce suruki ya zauna musu da mijin 'yarsa, amma na ajiye kunya. Na ce masa kalmar nan kada ya sake faɗinta a gidana, kada kuma ya laƙaba wa yaron. Ya ce ai ba suna ba ne, sunan yanka Muhammadu za a sa, wannan kirari ne kawai na gidansu, da shi ake yi wa sarkin da kakansu ya bi, kuma yana so yaron ya tashi da zuciya. Na tambaye shi ko ya san abin da sarkin nan ya yi a duwatsunmu. Ya ce ya sani, ya ma fi ni sanin tarihin, amma wancan zamani ne na yaƙi, kowa haka yake yi, ba a auna mutanen da da mudun yau. Ya ce mutumin ya kafa garuruwa, ya buɗe hanyoyi, fatake na tafiya ba mai tare su saboda tsoronsa, kuma bai taɓa juya wa abokin gaba baya ba, shi wannan jarumtar yake so, ba kisan ba. Ya ce ai ku ma mutanen Zuru da me kuke alfahari in ba soja ba, kowane gida akwai hoton mai kaki a bango. Na ce sojan gidanmu bai taɓa kai mace kasuwa ba. Ya yi 'yar dariya ya ce, Baba, da kakanninku ke da dawakan da su ma sun sauko sun ci wasu, duniya haka take, mai ƙarfi shi ake tunawa.

Sai na gaya masa wanda na ji ana yi wa kirarin nan a daji. Ya ce ai waɗannan ɓarayi ne, sun ari kalmar ne kawai, wancan kuwa sarki ne mai tuta, ba a haɗa su. Na kwance rawanin da kullum nake naɗe wuyana da shi, ko ana zafi, na nuna masa tabon.

Na ce, "Duba da kyau. Igiyar da ta yi wannan ta ɓarawo ce ko ta sarki? Ni ban iya bambanta su ba."

Ya sunkuyar da kai ya ce Allah ya huci zuciyata, ya ba ni haƙuri har sau biyu, ya tashi ya tafi. Na ɗauka an gama. Da yamma ƙanwata ta zo da wayarta tana murna ta nuna mini hoton jaririn da Bello ya ɗora, ta karanta mini abin da ke ƙasa ba tare da ta lura ba, kalmar nan ce, abokansa kuma sun cika wurin suna maimaita ta suna sa hoton takobi. Wataƙila tun kafin mu yi magana ya ɗora, ban sani ba, amma bai cire ba. Washegari ya aiko da ragon suna, babba, fari, ya biyo bayansa da kansa ya kafa turke a tsakar gidana, ya ɗaure shi a wuya. Talatu ta gaya masa al'adar gidanmu tun suna sabon aure, na tabbata. Ko mantawa ya yi, ko yana ganin camfin ƙauyawa ne, oho. Na fito na ga ragon yana ja, igiyar na shaƙe shi, idonsa ya fito. Na kwance na mayar ƙafa.

To ga abin da ya sa na zo gare ku. A unguwarmu akwai 'yan sintiri, yawancinsu irina ne, waɗanda aka koro daga ƙauyuka, kowa da wanda ya binne. Shugabansu zan ce masa Dogo. Ina zama wurinsu, ina kai musu goro, kuma ba zan ɓoye ba, duk garin nan babu mutumin da nake ganin girmansa kamar Dogo. Ba ya tsoro, ba ya dogon bincike. Duk wanda ke ƙasar nan ya san abin da kalmar infoma ke nufi yanzu, wato mai kai wa 'yan daji labari. Wanda aka kira da wannan sunan a gaban Dogo ba ya samun zaman yin bayani. Na ga an tafi da mutane, ban ga sun dawo ba, kuma a lokacin raina fari tas, ban taɓa tambayar wa ya ba da shaida ba.

Bello na bin kasuwannin ƙauye, har waɗanda wasu ke tsoron zuwa, yana dawowa lafiya da buhunansa. Ban taɓa ganinsa da su ba, ban taɓa jin an ce yana tare da su ba, kuma in kun tambaye ni tsakanina da Allah, ban yi zaton yana tare da su ba. Amma ba sai na yi ƙarya ba. Abin da zan ce kawai shi ne, surukina yana shiga kasuwannin can yana fita, kuma yana yi wa ɗansa kirarin da ake yi wa ogan daji, ga shi a waya kowa ya gani. Duk gaskiya ce. Sauran Dogo zai ƙarasa.

Jiya da la'asar na je. Na zauna a benci, na ba da goro, aka yi ta hira. Dogo ya dube ni ya ce, Kawu, yau fuskarka da magana, ko akwai abin da ka gani? Maganar ta zo har kan harshena. Na ce masa zan dawo. Ya ce ƙofa a buɗe take, abin da irina ya faɗa ba a neman shaida a kansa.

Da na koma gida Talatu na zaune a bakin ƙofar ɗakinta tana ba yaron nono. Yarinyar nan ba ta gaji surutu ba, halina ta ɗauko. Ta tambaye ni ina na je, na ce wurin mutane. Ta ce ƙanwata ta gan ni a bencin Dogo, kuma ta san irin zaman da na yi. Na ce mata ba a tuhumata a gidana. Ta ce ba tuhuma take yi ba, ta yi wa Bello magana, ta yi kuka, ya ce zai cire hoton, shi wauta ce ke damunsa ba mugunta ba, abin da bai taɓa gani ba ne yake yi masa daɗi a baki. Na ce wautar da ta sa ubanki ya sa goshi ƙasa a gaban mutane ba wauta ba ce. Ta ce ta gani, kuma har ta mutu ba za ta manta ba, ita ma uwarta ce a bakin rafin nan, ita ma yayanta ne a gonar. Sai ta ce ai ni ma ina da wanda nake yi wa kirari, in ana labarin Dogo fuskata takan yi irin hasken da ta Bello ke yi in yana labarin sarkinsa. Na ce kada ta kuskura ta haɗa su, Dogo rama mana yake yi. Ta ce waɗanda aka tafi da su ba a tambaye su ba, su ma suna da 'ya'ya.

Na tashi zan bar wurin, ta kira ni a hankali.

"Baba, mu wancan Mai Igiya muke ce masa, ko sunansa ba ma iya faɗi. In ka sa aka taɓa Bello, yaron nan zai girma ya ji labari. Kai me zai riƙa ce maka?"

Maganar ta shige ni, ba zan ce ba ta shige ni ba, amma ba ta kashe wutar ba. Domin ni ga yadda nake gani. Mutanen da suka zo garinmu ba daga sama suka faɗo ba. Wani ne ya zauna da su suna yara yana gaya musu cewa namiji shi ne wanda ake tsoro, wanda ya ci gari, wanda in an kira shi ake durƙusawa. Baki ne ya fara, hannu ya bi. Mai yabon Mai Igiya yau, shi ke kiwon wanda zai zo da igiya gobe. Yanzu kuma jinina za a ɗauka, jikan Asabe, a rene shi da wannan kalmar, a nuna masa takobin da wataƙila shi ya tsaya a kan uwar uwar kakata, a ce masa ka ga gidanku. Gidansu biyu ne. Ɗaya ya riƙe igiyar, ɗaya ya sa wuya. Na wanda ya riƙe kawai ake ratayewa a bango.

Kuma ina son wani ya biya. Wannan ita ce gaskiyar. Ogan daji ya fi ƙarfina, ban san inda yake ba. Mai Igiya ya mutu a kan gadonsa, ana masa waƙa har yau. Babu wanda ya taɓa biyan ko ɗaya daga cikin mutanenmu, na da da na yanzu. Bello ne kaɗai hannuna ke kaiwa, kuma shi da bakinsa ya ce mai ƙarfi ake tunawa. To yau kalma ɗaya a bakina ta fi shi ƙarfi. Ina so ya ji yadda ake ji in an zo tafiya da kai, ko sau ɗaya, ya gaya mini ko jarumta ce. Na san shi ya kai ni asibiti. Na san in ya tafi 'yata ce za ta yi takaba da jariri a hannu. Na sani. Da safe in na ga yaron sai in ce ba zan yi ba, da rana in na taɓa wuyana sai in ce zan yi.

Ƙanwata ta ce in je wurin limamin da zai raɗa sunan in gaya masa komai, ya tsawatar. Na san abin da zai ce, haƙuri. Na ci haƙuri har ya ishe ni. Wata zuciyar ta ce in bari sai ranar suna, an taru, in miƙe in cire rawanin nan a gaban kowa, in ba da labarin dattijon da kunnensa ba ya ji, in ga wanda zai iya buɗe baki ya yi kirari bayan haka. Amma ni ba mai magana ba ne a taro, kuma ban taɓa nuna wuyana ga kowa ba sai shi, ga abin da ya biyo baya. Wata kuma ta ce in hana a yi sunan a gidana, su kwashi ragonsu, in cire hannuna daga 'yar da jikan gaba ɗaya, in zama ba ni da kowa. Wata ta ce bencin Dogo.

Ku da kuka yi karatu, ku amsa mini wannan tukuna, domin a kansa komai ya tsaya. Daidai ne mutum ya yabi wanda ya ƙone garuruwa ya sayar da mutane, don kawai abin ya daɗe kuma ya yi nasara? Shekara nawa ake jira kafin mai igiya ya zama gwarzo? Domin in amsar ita ce daidai ne, to wata rana jikokin wani za su rataye bindigar ogan daji a bango su ce maza sun wuce, kabarin Asabe kuwa ko alama ba za a gani ba. In kuma ba daidai ba ne, mene ne hukuncin mai yi? Ni a zuciyata na yanke masa mai tsanani, 'yata ta ce in na zartar na zama abin da nake ƙi. Wa ya fi gaskiya a cikinmu?

Kada wanda bai taɓa jin igiya a wuyansa ba ya ce mini in manta. Wanda ya taɓa ji kuwa, ko aka taɓa nasa, ina roƙonsa ya yi magana, shi nake son ji, ya gaya mini me ya yi da wutar tasa. Admin zai karanta mini duk abin da kuka rubuta.

Ragon yana nan a tsakar gida, a ƙafa yake ɗaure, kullum sai na duba. Jibi da safe abokan Bello za su cika ƙofar gidana, ko ya cire hoton ko bai cire ba, na san a cikinsu wani zai ɗaga murya ya faɗi kalmar nan don wasa. Ban san abin da jikina zai yi ba. Ko in sake samun goshina a ƙasa a gaban duk unguwa, ko ƙafata ta ɗauke ni kai tsaye zuwa wurin Dogo. Ba na son ko ɗaya, amma in dole ne sai ɗaya, na san wanda ba zan sake yi ba. Don Allah ku nuna mini hanya ta uku kafin jibi.